Kwalbar da Hafsa ta ɓoye

Gwarzo, daren Laraba

Yau ina gyara ɗakin autata Hafsa na tsinci wata 'yar kwalba a ƙarƙashin katifa, an rubuta niacinamide a jikinta. In abin kirki ne, me ya kai shi ƙarƙashin katifa? Ni kuwa ban manta yadda man bilicin ya ƙona fuskar ƙanwata da ke aure a Garo ba.

Bayan azahar na kai wa mai kemis na unguwarmu ya duba. Ya ce, "Hajiya, wannan bitamin ne, ba ya sa fari. Maiƙon fuska yake ragewa, tabon ƙuraje kuma ya dusashe a hankali. Amma a fara gwadawa a hannu." Na ji dai, amma ga irinsa jere a bayansa, ai ba zai kushe abin da yake sayarwa ba. Kuma wa ya san abin da aka ɗura a ciki?

Da Hafsa ta dawo daga makaranta na ajiye kwalbar a gabanta, na ce, "Fari kike nema?"

Ta ce, "Wallahi Mama ba fari nake so ba. Na gaji da zama a bayan aji ina rufe kumatuna da hijabi saboda tabon ƙurajen nan."

Kullum muna tare, ban taɓa lura ba.

Ban mayar mata ba, ban kuma jefar ba. Na shafa kaɗan a damtsena, zan yi 'yan kwanaki ina dubawa. In zai ci fata, ya fara da tawa.