Damin Bappa

Ingila,
14 ga Oktoba, 1973.

Zuwa ga matata Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Hanne, da mahaifinki Bappa, da duk mutanen Rijiyar Gaji. Yaya kuka ji da ƙarancin ruwan bana? Ni lafiya lau, sai sanyi da dafaffen dankali ba yaji.

Takardarki ta iso. Rubutun ya yi kyau. Wanda ya koyar da ke a ajin yaƙi da jahilci ya iya aikinsa, ko da yake bai kamata in yabi kaina ba.

A kwas ɗin malaman nan akwai wani tsoho, Mista Galan, ba shi da aiki sai tonon tarihin ƙauyukansu. Lauratu, mutanen nan ba sa yar da takarda! Kowane ƙauye da cocinsa, kowace coci da akwatin littattafai: wanda aka haifa, wanda ya yi aure, wanda ya mutu, tun shekara ɗari huɗu. Gona ma an rubuta ta wane ce, daga wace bishiya zuwa wane rafi. Na ba shi labarin littafin da na rubuta daga bakin tsohuwar garinmu Iya Kulu kafin ta rasu, tarihin garinmu tun saran daji. Ya yaba mini ƙwarai, har kaina ya kumbura.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kin ce sau biyu kina ganin mai unguwa Maikuɗi yana zagaya fadamar Bappa da littafin nan a hannu. Ni na ba shi ajiya, don sunayen kakanninsa na ciki. To me ya kai shi fadama? Ki sa ido, amma kada ki ce wa kowa komai.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Tukur.

Ingila,
6 ga Nuwamba, 1973.

Zuwa ga Lauratu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan tarin Hanne ya yi sauƙi. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ranar Asabar Mista Galan ya kai mu wani fili. Ciyawa ce kawai da tumaki, sai wata coci tsaye ita kaɗai, rufinta ya rufta. Ya nuna mana tudu-tudu a ƙarƙashin ciyawar: nan gidaje ne, nan hanya, nan rijiya. Ashe kufai ne. Gida arba'in ne a wurin, sun yi shekaru aru-aru suna noma. A kowace shekara kowane magidanci yakan kai kaza ɗaya babban gidan mai ƙasar, su a ganinsu gaisuwa ce. Ashe ana rubutawa. Ranar da jikan mai ƙasar ya ga kiwon tumaki ya fi masa, sai ya buɗe littafi: ga kajinku nan, shekara bayan shekara, shaidar cewa ƙasar ba taku ba ce. Aka tashe su duka. Ba wanda ya san inda suka nufa.

Wallahi ina tsaye a wurin sai gida ya faɗo mini a rai. Dami na tuna. Damin dawar nan da Bappa yake kai wa gidan mai unguwa duk kaka, kamar yadda mahaifinsa Bubayero ya yi tun da ya sauka da shanunsa. Kowa na cewa zumunci ne. Amma Iya Kulu ta gaya mini asalinsa, fadamar aro ce daga gidan mai unguwa, ni kuma na rubuta da hannuna, kaicona. Bana gonakin tudu sun ƙone, fadamar ce kaɗai mai laima a duk yankin Toranke. Ga Maikuɗi yana zagaya ta da littafi. Sai an yi mini bayani?

Ki je wurin Bappa ki ce ina roƙonsa kada ya kai damin bana. Duk damin da ya kai, shaida yake ƙara wa Maikuɗi. Na san zai ce ba a yin haka. Ki ce masa na gani da idona inda irin wannan ta kai mutane. Ki matsa masa, Lauratu, ke yake ji.

Allah ya tsare mu.

Naki,
Tukur.

Ingila,
19 ga Janairu, 1974.

Zuwa ga Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, in za ki amsa. Takarda biyu na aiko, shiru. Ina fatan lafiya ce, ke da Hanne. Abokina Barau ya rubuto mini daga makarantarmu ta Gaya, don haka na ji komai.

Na ji Bappa ya yi kwana uku yana ƙi, sannan ya ce surukinsa mai ilimi ne, ba zai kai shi ya baro shi ba. Damin da ya riga ya ɗaure ya kwance shi.

Na kuma ji abin da Maikuɗi yake nema a fadama. Tsohuwar rijiyar Gaji ce, wadda littafin ya ce ƙasa ta binne ta kusa da giginya. So yake a tone ta, mutanen gari su sha, shanun Bappa ma su sha. Rijiya, Lauratu! Ni ina nan a ƙasar wasu, na ga tumaki a kan kufai na yanke wa bawan Allah hukunci.

Barau ya ce ranar da aka saba kai damin, Maikuɗi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya tara dattawa, an dama fura, har la'asar ba wanda ya zo. Mutane suka fara dariya a ɓoye. Ƙannensa suka ce an raina gidansu, suka karɓe littafin suka kai gaban alƙali. A ƙasan shafin da na rubuta maganar aro akwai layi ɗaya da na manta da shi sarai, Barau ya kwafo mini: ranar da dami ya yanke, aro ya ƙare. Haka Iya Kulu ta faɗa, haka na rubuta. Muddin damin na zuwa, ba mai ikon taɓa fadamar nan. Shekara sittin shi yake tsare da ita, ni na sa aka cire shi.

An ɗage shari'a sai na dawo a watan Maris, don in shaida ko rubutuna ne, ko kuma haka tsohuwar ta faɗa. Bappa, in ji Barau, yana gaya wa mutane cewa da zarar na sauka zan warware komai. Wannan ya fi komai ci mini rai. Rubutuna ne, kuma haka ta faɗa. Za a miƙo mini Alƙur'ani, ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba, ke ma ba za ki so in yi ba.

Ina jin kunyarki, ina jin tsoron haɗa ido da shi. Ban san da wane baki zan roƙi gafara ba, amma ina roƙo.

Saura aike ɗaya, na san ba ni da hurumin sake aikenki. Yanzu ne lokacin da Bappa yake kwantar da shanunsa a fadama don taki. Ki ce masa kada ya wahalar da su bana, wani ne zai shuka ta.

Mijinki,
Tukur.