Solar da ke kan bas ɗin Baba

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidanki? Muna nan bayan unguwar Dar Salam, a bas ɗin Baba muke kwana.

Kin ce in sayi janareta saboda firjin allurar Inna. Ban saya ba. Maƙwabcinmu ya kunna nasa, ƙarar ta kawo masu bindiga, suka tafi da shi, har yau bai dawo ba. Sola na ɗora a rufin motar, ita ba ta ƙara.

Sai dai tana ƙyalli. Jiya na hau goge ƙura, na tarar an riga ni, an kwance noti biyu daga waɗanda ke riƙe da ita. Inna ta ce, "Kada ka ɗaure, gara su ɗauka da sauƙi su tafi."

Amma in suka ɗauke ta firjin zai tsaya, kuma allurarta ba ta jure zafi, Yaya. Ki gaida Gwaggo, ku sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Sani