Mutanen Ƙarƙashin Kwalta

Ni Clifford Ramsden, na garin Harthwaite, ina rubuta wannan da hannuna, kuma cikin hankalina. Likita ta ce mantuwar nan gaba za ta riƙa yi, amma yau garau nake, lauya ma shaida ne. Lorraine, Glyn, Keith, ku karanta har ƙarshe kafin wani ya fara kumbure-kumbure.

Na ɗaya. A sayar da gidan nan. Rabi ku raba a tsakaninku. Ɗaya rabin na bar wa jami'a, ta ɗauki nauyin ɗalibin da zai binciki tarihin ƙwallon zari-ruga a garinmu. Tamu nake nufi, ta 'yan wasa goma sha uku, wadda mahaƙan kwal suka buga da baƙin tabo a gwiwa, ba ta 'ya'yan masu kuɗi ba. Na san za ku ce tsoho ya zare. Ku ji dalili tukuna.

Kun san ni na kula da filin wasa na Kiln Lane har ranar da aka rufe shi. Idan ɗan garin nan ya mutu aka ƙone gawarsa, wurina iyalinsa suke kawo tokar, wasu a tulu mai kyau, wasu a gwangwanin biskit. Tambayata ɗaya ce: a ina ya saba tsayawa? Sai mu je gefen fili daidai wurin, in ɗaga ciyawa da shebur, a zuba, in mayar. Ba wanda ya taɓa rubutawa. A rubuta don me? Filin na nan, ni ma ina nan.

Sai aka sayar da filin, aka shimfiɗa kwalta, aka gina kanti. Yanzu a kansu ake ajiye motoci.

Can nake sayayya kamar kowa, amma ba na sakewa. Sun ce sun daidaita ƙasar, ƙarya ne. Ka saki amalanken sayayya ka gani, shi kaɗai zai gangara kusurwar ƙasa, inda ƙwallo ke gangarawa a da. Wani lokaci da rana tsaka nakan ji ƙarar takalman 'yan wasa a kan siminti, in waiga, ba kowa sai mace da jarkar madara.

Bara Hilda Firth ta tare ni a wurin, da furanni a hannu. Ta ce, "Yauwa Clifford, kai nake nema. Ina ka sa min mijina Norman? Tun ɗazu nake zagaye kamar wadda ta ɓatar da motarta." Na tuna gwangwanin, ja ne. Na tuna ruwan da ya jiƙa mu ranar. Wurin ne ya ɓace mini ɓat. Na ce, "Hilda, ban sani ba." Ta dube ni ta ce, "To idan kai ba ka sani ba, wa ya sani?" Ta ajiye furannin a bakin kwata ta tafi. Ba ta ga ƙarshen hunturun ba.

Tun ranar mamatan nan suke tsaye a raina, sun yi layi kamar a bakin ƙofar shiga, da hulunansu, kowa na jiran in nuna masa wurinsa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Na biyu. Na zauna da Dakta Nuttall, malamar tarihi a jami'ar. Ta ce a ɗakin karatunsu akwai sunan duk wanda ya taɓa buga wa Harthwaite wasa, har da wanda ya yi rabin wasa ya karye, amma babu sunan ɗan kallo ko ɗaya. To ga sharaɗina. Ɗalibin, mace ko namiji, ya bi gida gida. Ya zauna a kujerar da aka nuna masa, ya sha shayin da aka ba shi ko da ya yi sanyi, ya tambayi wa aka zuba, a ina, kuma me yakan faɗa wa rafali. Ya ɗora tsohon filin a kan taswirar kantin, kowa da wurinsa. Ya fara da tsofaffi, don ba za su jira shi ba. In ya gama, kada abin ya tsaya a kabad ɗin jami'a. A tara mutane a zauren 'yan ƙungiya a karanta sunayen da ƙarfi. Lorraine, ke za ki sa ido, ke ce kika gaji bakin mahaifiyarku.

Na uku. Shebur ɗin na Keith ne. Guntun turken raga da na yanko ranar rufewa na Glyn ne. Gyalen mahaifiyarku Beryl mai launin ƙungiya na Lorraine ne, kada a wanke shi.

Na huɗu. Glyn da Keith, ya isa haka. Glyn ya bi ƙungiya zuwa sabon filin bayan gari, Keith ya kira shi maci amana a gaban 'ya'yansa, shi ke nan kuka daina gaisawa. Keith, kallon wasa ba laifi ba ne. Glyn, ɗan'uwanka ba taurin kai ne kawai ke damunsa ba, uwarku ce a ƙarƙashin kwaltar. Ku biyun furfura ta kama ku, ku ji kunya.

Na biyar, kuma shi ne mai nauyi. Kada a kai ni sabon fili, ban san kowa a can ba. Wurin Beryl nake so. A kusurwar ƙasa take tsayawa tana ihu, "Rafali, a gida ka baro tabarau ne?" Can na sa ta da hannuna, kuna tsaye a bayana. A nan ne yanzu suka kafa rumfar amalanke. Na ɗauka ko zan manta sunana ba zan manta wannan ba. Makon jiya na je na tsaya, na kasa sanin ko dama da rumfar take ko hagu. Na daɗe a tsaye har wani mai mota ya yi mini hon.

Lorraine kuka ya hana ta ganin komai ranar da muka zuba Beryl. Ku biyun kun gani. Na tambayi Glyn a waya ya ce dama, na tambayi Keith ya ce hagu. Saboda haka ba zan jira ɗalibi a kan wannan ba. Ku je tare ranar Lahadi da safe kafin a buɗe kanti. Ku auna daga katangar coci, ita ba ta motsa ba. Ku yi gardama iya son ranku, amma kada a buɗe tulun tokata sai kun yarda da wuri ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ku da jikokina. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abincin Lahadi a tebur ɗaya ko da ba ku da abin faɗa. Ku dai taimake ni kada ku zuba ni nesa da ita. Ni ba zan iya nemo ta da kaina ba.

Mahaifinku,
Clifford