Baƙo a Gidan Kulle

Daren Asabar, Oktoba 1966, Herwagana

Da la'asar Malam ya shigo da Emeka, telan nan Ibo na bakin layi, ya ɓoye shi bayan gadona. Shekara goma da aurenmu, baƙo namiji bai taɓa wuce zaure ba. Da masu farautar Ibo suka zo nemansa da sanduna, Malam ya tare ƙofa ya ce, "Gidan kulle ne, wa zai shigar min kan iyali?" Suka yi cirko-cirko, suka juya. Amma ɗayansu ya yi ta waiwaye, kuma ina tsoron zai dawo.

Da na idar da isha'i na ji Emeka yana kuka, yana addu'a irin ta cocinsu da yarensu. Ban san me ya roƙa ba. Na dai ce amin.