Fentin da Aka Yi wa Jirgin Babanki

Marang, Terengganu

Zuwa ga 'yata Mastura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, sanyin Japan bai takura miki ba. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu nan kalau muke, ƙafar Gwaggo Esah ma ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa.

Mastura, na daɗe riƙe da biro, kunya ta hana ni farawa. Maganar fatar nan ce da kika manna a ƙasan jirgin ruwan babanki, mai kaushi irin na jikin babban kifin tekun nan shak da siraran wayoyi a ciki, wadda kika ce tana sa ruwa ya daina riƙe jirgi. Da ya ji malamanki za su zo gwada ta kafin damina ta rufe teku, ɗoki ya hana shi zama. Ya ce ba za a zo duba aikin 'yarsa a tarar da jirgi kamar na marar gata ba. Sai ya kira gayya ranar Asabar, ni kuma na dafa shinkafa da miyar kifi.

Kin san mutanenmu, duk wani kaushi a jikin jirgi datti ne a wurinsu. Pak Jusoh maƙwabcinmu ya shafa, ya ce ashe boko bai koya wa yarinya sa samfefa ba, bari su ƙarasa mata. Suka goge fatar sumul, suka tsinke wayoyin a zaton ragowar komar kamun kifi ce, suka shafa shuɗin fenti. Ina tsaye ina zuba musu shayi, har ina yaba ƙyallin. Sai da ƙaninki Hafizi ya dawo daga aiki ya gani, ya zauna a yashi ya dafe kai.

Mun san shekarunki na karatu a kan gwajin nan suke. Tun ranar babanki bai leƙa teburin mai kofi ba, kuma ya kasa kiranki. Da na ce zan rubuto, ya ce in roƙe ki abu ɗaya: ki gaya wa malamanki ubanki jahili ne, kada su ce aikinki ne bai yi ba.

Gwaggo Esah da Hafizi suna gaishe ki. Ki gaishe da mijinki Azlan.

Mahaifiyarki,
Rokiah