Hujin Inna Filomena

Lier, 3 ga Afrilu

'Yata Griet,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da dawakan katako. Ni da tattabaruna muna nan, su suna tashi, ni ina kallo.

Shekarun baya na taɓa jin wai akwai na'urar kiɗa irin tamu da ke busa sarewa ba tare da an zura mata kwali ba. Na ce mashaya ne suka ƙaga. Yanzu kuma ana raɗe-raɗin haka za ku yi wa tamu na'urar, Bertha. Shekara arba'in ina ba ta kwali mai huji tana yi wa lilon dawaki kiɗa, ko sau ɗaya ba ta kai ƙarata ba. In gaskiya ne faɗa mini, a zaune nake.

Kawunki,
Fons

9 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Gaskiya ne. Kwalayen sun tsufa, suna yagewa, shi ne wani gwani mai suna Ignace ya kwafe su cikin kwamfuta. Sarewa da ganga duk nata ne, mai ba su umarni kawai aka canza.

Amma an samu matsala. Ka san waƙar nan da babbar ganga ke bugawa sau biyu, masu hawa su ɗaga hula su ce "Hopla!" Ranar Lahadi sau ɗaya ta buga. Huluna a sama, baki a buɗe, shiru. Zulma mai waina ta leƙo daga rumfarta ta ce, "Griet, wa ya cire wa Bertha haƙori?" Ignace ya ce, "Kuskure ne fa, Madam. Huji ne na banza, na gyara muku." Ta ce, "To je ka gyara kakarka."

Tsofaffi sun daina kawo jikoki. Masu filin wasan sun ce in jama'a sun gaji da ita, a kai ta gidan tarihi a ɗaura lasifika. Ignace kuwa ya rantse ba zai mayar da kuskure da hannunsa ba. Wai da gaske kuskure ne?

Taka,
Griet

14 ga Afrilu

'Yata,

Gaisuwa. Kuskure ne mana, a gabana aka yi shi.

Innarki Filomena, Allah ya ji ƙanta, ita ke huda kwali a shagon ubanta, da injin da ake takawa da ƙafa. Wata Talata na tsaya a bayanta, na daɗe ina murza hula, can na ce, "Mena, za ki aure ni?" Ƙafarta ta taka, ƙwas! Huji ya fito inda ba a neme shi ba.

Ta ce, "Ka ga abin da ka ja, sakarai? Baba zai cinye ni ɗanya."

Na ce, "E ko a'a?"

Ta ce, "Matsa, ka tare mini haske. E."

Ubanta ya ɗauko gam zai liƙe, ta dafe kwalin da hannu biyu. Ki karanta wa Ignace wannan. Ki ce masa bugu na farko na mai waƙar ne, ya gyara yadda ya ga dama. Na biyun nawa ne.

Fons

28 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki. Mai kawo wasiƙa ya ce mini hujin ya dawo, na ce sai na gani. Zulma ta bugo waya, wai Ignace ya mayar da shi yana fyace hanci, yana cewa mura ce. Na san Zulma, ban yarda ba.

In aka ce miki an ga wani tsoho ranar Lahadi a kan farin dokin katako, kina can wajen ƙofa, har hularsa ta faɗa cikin ƙullun waina, kada ki bincika.

Yanzu dai na yarda. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe Bertha ce da kanta, kuma sau biyu ta faɗa.

Ki huta lafiya.

Kawunki,
Fons