Tarkacen Kaka a Mu'aither

Mu'aither, Doha
Oktoba, 2022

Zuwa ga Yayata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Gado da yara. Yaya Funtuwa, yaya kaka? Ni ma ina nan da sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai zama wuri ɗaya da ya gagare ni kwanan nan.

Na koma rubutu da biro ina turo miki hotonsa ne don kira ba kya ɗagawa, saƙon murya kuma ba kya saurara. Rubutu kuwa na san halinki, ko takardar ƙunshin ƙosai ce sai kin karanta.

Shekara biyu ke nan rabona da muryarki, tun ranar da aka binne Inna, da kika ce in zauna in ci gaba da gadin ƙofar Larabawa, kika kashe waya. Yaya, lokacin korona ne fa, filin jirgi a rufe. Ta ina zan bi? Da hanya ta buɗe, wata larura ta kwantar da ni. Da na miƙe, kamfani ya ce ba mai tafiya hutu sai an gama gasar ƙwallon duniya. Na san an ce zumunci a ƙafa yake, to ni tawa ƙafar a ɗaure take.

Amma ba gardama na zo yi ba. Tarkacen kaka nake so. Jiya ina tsaye a bakin get, zafi ya ɗan sassauta, sai na tuna yanzu a gida an fara cire gyaɗa. Nan take Inna ta faɗo mini, ta baza kasko a tsakar gida, mu kuma mun kewaye ta muna satar na gefe. Na riƙe kayan: sabuwar gyaɗa, aya, gugguru, riɗi, mazarƙwaila, citta, kanumfari, gishiri. Sai dai akwai wani abu mai ɗan ɗaci da yake kama maƙogwaro a ƙarshe, shi ne na rasa. Ban kuma san wanne ake fara zubawa ba. Inna ba ta awo, a wurinta ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ke kike riƙe mata ludayi, ni ci kawai na iya.

Ko kalma ɗaya ce ki turo mini, sunan abin nan kawai. Ki gaida Malam da yara.

Ƙaninki,
Garzali

Mu'aither
Nuwamba, 2022

Yaya Ikilima,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya ƙoƙari da yara? Allah Ya sa kowa lafiya.

Waya ta nuna mini kin buɗe takardata tun ranar da na turo. Ina bakin aiki ina ciro ta daga aljihu ina mayarwa, har shugabanmu ya tambaye ni ko aure nake nema. To, tunda kin ƙi magana, na shiga kicin da kaina.

Gari ya cika ya batse da 'yan kallon ƙwallo, kowa da tutarsa da gangarsa, mu kuma tsayuwa daga safe har yamma muna nuna hanya, yalla nan, yalla can. Ranar hutuna na tafi Asian Town, kasuwar da mu ma'aikata muke sayayya. Na sami gyaɗa da riɗi da masarar gugguru. Ashe Indiyawa ma suna da tasu mazarƙwailar, dunƙule-dunƙule kamar tamu. Aya ce babu.

Ki ji abin dariya. Ƙasar da ko'ina rairayi ne, na rasa yashin suyar gyaɗa. Wanda na ɗebo a bayan gidanmu laushi gare shi kamar gari, duk ya manne wa gyaɗar, na zubar. Wani ɗan Indiya da muke kicin ɗaya ya nuna mini su a cikin gishiri suke soyawa, sannan su tankaɗe. Haka na yi, gyaɗar ta yi kyau a ido.

Daga nan na ɗora mazarƙwaila a wuta, na juya baya ina ɓare gyaɗa. Ban farga ba sai ga Abass, abokin ɗakina, ɗan zangon Kumasi, ya faɗo kicin a guje da tawul a hanci. Tukunya ta ƙone ƙurmus, ƙauri ya kai har bene na sama, ni kuwa ina tsaye kusa da ita ban ji komai ba.

Tunda magana ta zo nan, bari in faɗa miki larurar da na ce ta kwantar da ni. Korona ce ta kama ni bara. Na warke, amma ta tafi da hancina, ta tafi da rabin harshena. Turare da ƙauri duk ɗaya ne a wurina. Zaƙi da gishiri kuwa daga nesa nake jin su, kamar kiɗan bikin ƙauyen gaba. Likita ya ce wasu yana dawo musu, wasu sai haƙuri. Abinci nake turawa don kada in faɗi a bakin aiki. Na sa rai in akwai abin da zai tada harshen nan, to tarkacen Inna ne. Tsoro nake ji, Yaya. Kada ya zamana na rasa ta, na kuma rasa ɗanɗanon hannunta.

Ba don ki tausaya mini na faɗa ba. Ko da yake, in kin tausaya ɗin ma ba zan ƙi ba.

Naki,
Garzali

Mu'aither
Disamba, 2022

Yayata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. An ce sanyi ya sauka a Funtuwa, a riƙa rufe yara.

Wannan takardar ba ta waya za ta zo ba. Nasidi ne zai kawo miki hannu da hannu, ɗan unguwarmu da ya zo tuƙa motocin 'yan kallo, aikinsu ya ƙare zai koma. Tare da ita akwai gwangwanin madara, na naɗe bakinsa da leda.

Ga yadda aka yi. Wata gwaggon Abass ta aiko masa da ƙunshi ta hannun masu zuwa kallon Ghana. An fitar da Ghana, Abass ya kwana biyu ba ya shiga harkar kowa, amma ƙunshin ya yi mini rana, don akwai aya a ciki. Ina zazzage ledar sai ga wasu baƙaƙen 'yan sanduna sun faɗo. Kimba. Hannuna ne ya gane ta kafin kaina, don ni Inna take aika in tsinko mata a ƙullin da ke rataye bayan ƙofa.

Na soya gyaɗa da aya daban-daban, na fasa gugguru, na gasa riɗi sama-sama. Na daka citta da kanumfari da kimba. Wannan karon na sa Abass gadin tukunya, shi ne hancina. Da mazarƙwaila ta narke ta fara yauƙi na juye komai, na barbaɗa gishiri, na ɗanɗana ban ji ba, na ƙara, na baza a faranti ya sha iska. Da ya huce na ci. Ƙarar gyaɗa a haƙori na ji, sai ɗan zafin citta, shi ke nan.

Abass ya ce ya yi daɗi, khalas, magana ta ƙare, in daina damun kaina. Amma Abass ko soso aka soya masa zai yaba, kuma na lura ya shanye gorar ruwa guda a kai. Bai taɓa cin na Inna ba balle ya gwada. Duk duniya mutum biyu suka rage da suka san yadda abin nan yake, ɗaya kuma harshensa ya mutu.

Saboda haka ki ara mini naki. Ki ci, ki faɗa mini ko na kusa.

An sa mini hutu a watan Fabrairu. Tun da aka faɗa mini na kasa sukuni, na shirya jaka na kwance ta ya fi a ƙirga. Ɗakin Inna a rufe yake. In na sauka a tasha, ƙofar wa zan nufa? In gwangwanin nan ya dawo mini a rufe, na fahimta, zan san inda zan yi da hutun.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Garzali

Mu'aither
Janairu, 2023

Yaya Ikilima,

Amin wa alaikumus salam, ko da yake ke ba ki yi sallamar ba, da faɗa kika fara. Ina fata kin wuni lafiya, jinin kuma ya sauka.

Ina cikin motar komawa masauki daga aiki saƙon muryarki ya shigo. Na ji duka. Na ji cewa kashe ki na yi niyya, ina sane da hawan jininki na aiko miki da tafkin gishiri. Na ji cewa wanda ya soya gyaɗa a gishiri ba ya sake barbaɗa wani sai in ba shi da hankali. Na ji cewa kimba gasa ta ake yi kafin a daka, riɗi kuma shi ne ƙarshen shiga. Na ji cewa ni shashasha ne da na yi jinya a ƙasar mutane ban faɗa wa kowa ba. A nan muryarki ta karye, kika ce Auta, sunan da tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni da shi, sannan kika ce a taho da wani gwangwanin in za a zo, yara sun cinye wancan duk da haka.

Har motar ta wuce unguwarmu ban sani ba, sai da direba ya taɓa ni. Yaya, kin san muryarki ta koma ta Inna sak in kina faɗa?

Harshe dai har yanzu shiru. Amma na sayo gyaɗa, Abass ya karɓi aikin gadin tukunya, gwangwani na biyu zai zo a jakata. Kimba zan gasa, riɗi zai shiga a ƙarshe, duk na riƙe. Gishiri ne ba zan yi miki alkawari ba. Shekara biyu ina lallashi ban sami ko uffan ba, cokali biyu na gishiri suka buɗe bakinki. In na ga kin sake yin shiru, wallahi ƙarawa zan yi.

Ki gaida Malam Gado da yara. A share mini ɗakin zaure.

Autanku,
Garzali